Takwara, Ga Maganar Injin Kyauta

Takwara, mahaifinka ya kawo mini takardar jiya bayan La'asar, muna ƙofar gida ana auna masara. Ya ce Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya ta ɗauke ka, sashen gyara. Na ce ikon Allah, yaron da ya kwance mini rediyo ya kasa mayarwa, shi za a damƙa wa jirgi. Kakarka, wadda kullum kake cewa za ka ƙwace mini, ta so a ce tuƙi ka samu don ta gan ka da hular kyaftin. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a ƙarƙashin fiffike a filin jirgin Kano kafin in dawo Maska in riƙi fartanya, na fi ta murna. Allah ya sa albarka.

Ka san wurin. In ka bar Funtuwa, ka wuce Giwa da Shika da Samaru, kafin Kwangila za ka gan ta a Palladan. An kafa ta a 1964, kuma ba gwamnati kaɗai ta ɗauki nauyin ba. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, sun kawo malamai da kayan aiki, aka yi ta tafiya tare har ƙarshen 1974. Tun daga tushe ke nan da hannun wasu a ginin. Ba abin kunya ba ne, haka sana'ar take ko'ina. Sabon injin jirgin fasinja miliyoyin daloli ne, babu makarantar da za ta saye shi don yara su kwance. Sai dai wasu sassan inji suna da wa'adi, ana ƙirga musu awoyin da suka yi a sama da yawan tashi da sauka. Wa'adi na cika doka ta hana su tashi, ko da suna ƙyalli. Irin wannan injin, ko jirgin da ya tsufa, shi masu shi kan miƙa wa makarantu. A Amurka, kamfanin FedEx da ya ajiye jiragensa Boeing 727, da yawansu makarantun gyara ya ba.

To a nan nasihata take. Za a tsayar da ku gaban injin da ya gama tashi har abada, kuma lalle za ka ji wani cikin abokanka ya ce, "Ɗaure kawai mu tafi, ai ba tashi zai yi ba." Kada ka biye masa. Hannu ba ya bambance matacce da mai rai. Abin da ka saba masa a Zariya shi zai yi ranar da alhazai ɗari huɗu ke zaune a saman aikinka. A garejin mota ana ɗaure noti har sai ya yi ƙara, a ce ya ji. A jirgi kowane noti da awonsa a littafi, da sifanar awo ake ɗaure shi, tana cewa ƙas ka tsaya. Sannan in mai waya ne, ka zura masa waya ka murɗa ta yadda in ya nemi kwancewa ita za ta ja shi baya. Ka murɗa ta a baibai, ka taimaka masa ne ya fita. Ka yi haka a kan injin kyautar nan sau ɗari, ko malam na kallo ko ya fita shan shayi.

Bari in ba ka abin da ya same ni. Wata shekara lokacin jigilar alhazai, mun gama aiki cikin dare, aka zo ƙirga kaya, ƙaramar sifana ɗaya babu. Tawa ce. Babu wanda ya tafi gida. Muka sake buɗe duk murfin da muka rufe, da tocila muna leƙe, har aka kira assalatu. Daga ƙarshe a aljihun rigar aikin da na cire aka same ta. Ogana bai zage ni ba. Cewa ya yi gara da na faɗa da bakina, don wanda ya ɓoye ɓatan sifana zai iya sa hannu a littafin jirgi kan aikin da bai yi ba. Sa hannun nan shi ne duk darajarka. Lasisin da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, za ta ba ka in Allah ya kai mu, shaida ce cewa in ka ce jirgi lafiya, a yarda.

Wani abu kuma. Sashen da aka rataya wa alamar ya mutu, ya mutu. In wani ya zo maka da daɗin baki, ya ce a zare masa ɗan ƙarfe daga injin makaranta, akwai mai saye, ka tashi daga wurin. Wanda ya bayar don karatu ya bayar, amana ce, kuma ƙarfen nan in ya koma jikin jirgi mai tashi, ba ka san wa ke ciki ba.

Nakan yi wa masu hali na yankinmu irin wannan magana in mun haɗu a ɗaurin aure. Mu manoman auduga mun ga tarakta nawa aka kawo da kiɗa da jawabi, bayan damina biyu ta zama wurin kwanan awaki saboda babu safaya, babu littafinta, babu wanda aka koya wa cikinta? Mai son taimakon makarantar gyara ya fara tambayar malamai abin da suka rasa. Sau da yawa ba ƙaton jirgi ba ne na ɗaukar hoto. Akwatunan sifana ne, da na'urar leƙa cikin inji, da kuɗin kai sifanar awo a daidaita ta, da littattafan da ke tafiya da injin. Inji ba littafi, tulin ƙarfe ne.

Za ka tarar da ƙananan jiragen Diamond, ƙirar Ostiriya, masu shan mai dangin kananzir, da kwamfuta a cikinsu. Waɗannan sun fi ƙarfin sanina, kai za ka zo ka koya mini. Na ba mahaifinka filayata ta murɗa waya ya sa maka a jaka. Ka nuna wa malaminka tukuna, in ya ce ba a shiga da kayan waje, ka ajiye ta a ɗaki. In kun samu hutu da kaka ka zo, injin ban-ruwana yana tari tun bara.