Idan Maƙiyi Ya Iya Haƙa Rami, Ina Amfanin Ganuwa?

Duk wanda ya taɓa buga Clash of Clans a waya ya san sojan nan da ake kira Miner, wanda kamfanin Supercell ya shigo da shi a 2016. Shi ba ruwansa da dukan katanga. Nutsewa yake yi a ƙasa ya ɓullo gindin abin da yake son rusawa, kuma muddin yana ƙasa makaman tsaro ba sa samunsa. Ka kwashe watanni kana tara zinare kana ɗaga katanga, sai wani ya bi ta ƙarƙashinta kamar ba ta nan. To, adalci ne a bar maƙiyi ya haƙa rami a gem ɗin da ginin ganuwa shi ne ainihin aikinka? Ni dai amsata e ce, amma da sharuɗɗa, kuma 'yan uwana na sashen kwamfuta za su ga cewa rabin rigimar tana cikin lamba ɗaya tak a lissafin neman hanya.

Inda batun ya fi zafi shi ne Dwarf Fortress, gem ɗin da wasu 'yan uwa biyu Amurkawa, Tarn Adams da Zach Adams, suka fara saki a 2006, aka kuma fitar da shi a Steam cikin sabuwar kama a Disamba 2022. Ana ba ka wadanni bakwai, ka haƙa musu gari a cikin dutse, ka ciyar da su, ka kare su daga dodannin da ake kira goblin. Shekaru da yawa maharan nan ba su iya haƙa. Wasu manyan dodanni kan karya ƙofa, amma katangar da ka gina ko dutsen da ka bari sun fi ƙarfinsu. Sai 'yan wasa suka gano dabara mai sauƙi: ka shige ciki, ka ɗage gada ko ka toshe ƙofar da dutse, ka yi noman naman kaza a ƙarƙashin ƙasa, shi ke nan. Runduna ta zo ta yi ta zagaye a waje, in ta gaji ta koma. Wanda yake son ganima kuma sai ya bar hanya ɗaya siririya ya cika ta da tarkuna, mahara su yi layi su faɗa ɗaya bayan ɗaya. Gem ɗin da takensa shi ne cewa faɗuwa ma nishaɗi ce, sai ga shi dutse guda ɗaya a bakin ƙofa ya hana faɗuwar. An kai kusan shekara ashirin a haka, sai a Nuwamba 2025 masu gem ɗin suka fitar da sabuntawar da ta ba mahara ikon haƙa da fasa gini.

A tarihin yaƙi na gaske kuwa, ba a taɓa yi wa mai ganuwa wannan alfarmar ba. A 1215 Sarki John na Ingila ya kewaye ginin tsaro na Rochester. Mahaƙansa suka haƙe ƙarƙashin kusurwar hasumiya suna tokare ta da itace, sannan aka cinna wa itacen wuta da kitsen aladu arba'in, kusurwar ta rufta. Da aka zo sake gina ta, zagayayya aka yi, har yau ita kaɗai ta bambanta da sauran ukun. A 1453, lokacin da Sarki Muhammad al-Fatih na Turkawa ya kewaye Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, ya kawo mahaƙan azurfa daga Sabiya. Amma masu tsaron birnin, ƙarƙashin wani injiniya mai suna Johannes Grant, suka riƙa gano ramukan suna haƙa nasu suna tarar su a ƙasa, har dabarar ta ci tura, aka ci birnin ta sama. Ka lura da abin da labaran biyu suka haɗa: haƙa rami aiki ne mai cin kwanaki, yana da ƙara, yana fitar da tarin ƙasa, kuma mai tsaro yana da abin da zai yi a kai.

Yanzu mu koma aji. Kwamfuta tana ganin filin wasa ne a matsayin gurabe, kamar na dara. Kowane gurbi yana da farashin takawa, kuma aikin algoridim ɗin neman hanya, irin su A* da Hart da Nilsson da Raphael suka wallafa a 1968, shi ne ya nemo hanyar da jimillar farashinta ta fi araha. A gem ɗin da maƙiyi ba ya haƙa, fili farashinsa 1 ne, katanga kuma ba ta da farashi ma, an cire ta daga lissafi gaba ɗaya. Ba da ikon haƙa yana nufin ka sa wa katangar lamba.

Ga misali, lambobin nawa ne don darasi. A ce hanyar ƙofa gurbi 60 ce, farashinta 60. Hanyar baya kuma gurbi 20 ne na fili da katanga mai kauri biyu, kowane kauri 30, jimilla 80. Maƙiyi zai bi ƙofa, tunda 60 ta fi araha. To sai ɗan wasa ya jera maharba a kan gurabe 10 na hanyar ƙofa, mu kuma mu koya wa maƙiyi tsoro, mu ƙara 5 a kan duk gurbin da kibiya ke kaiwa. Ƙofa ta koma 110. Yanzu haƙa ta fi araha, sai su ɗauko diga. Ɗan wasa ya farga ya ninka kaurin katangar zuwa huɗu, hanyar baya ta zama 140, su dawo ƙofa dole. Ka ga abin da ya faru? Kaurin katanga, wanda a da ado ne kawai, ya zama shawara mai tsada: ina zan zuba dutsen da nake da shi, kuma wane ɓangare zan bari da rauni da gangan don in ja su can? Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake goyon bayan haƙa.

Amma masu adawa ba shirme suke faɗa ba, suna da hujja biyu masu nauyi. Ta farko ta na'ura ce. Fili mai faɗin gurbi 192 da tsawon 192, wanda shi ne girman da aka saba farawa da shi a Dwarf Fortress, yana da gurbi 36,864 a hawa ɗaya. In ka ce hawa ɗari ne daga sama zuwa ƙasa, gurabe sun haura miliyan uku da rabi. Idan ba a haƙa, mafi yawansu dutse ne da algoridim ba ya ko kallo, kuma gem yana iya riƙe jerin wuraren da ke haɗe da juna, ya san nan take cewa babu hanya ba tare da ya nema ba. Da zarar ka ce dutse ma hanya ce, kowane gurbi ya shiga lissafi. Ka ba mahara ɗari wannan aikin kowa da nasa, a kan irin laftof ɗin da yawancinmu muke da ita, fanka za ta yi ta kuka hoto kuma ya tsaya cak. Maganin da aka saba shi ne mahaƙa su zama 'yan kaɗan, a lissafa musu hanya sau ɗaya, sauran su biyo ramin.

Hujja ta biyu ta fi taɓa zuciya. Mutum ya yi wata uku yana sassaƙa gari, ɗaki bayan ɗaki, da magudanar ruwa da ya auna da kyau. Rami ɗaya da maƙiyi ya huda a gefen kogi zai iya cika garin da ruwa, kuma ko an ci yaƙin ɓarnar tana nan. Akwai masu buga irin wannan gem don gini kawai, yaƙi ba ya gabansu. Waɗannan ba na ganin a tilasta musu. A sa maɓalli a saiti, wanda ba ya so ya kashe, ai ba jarrabawa ba ce.

RimWorld, na Tynan Sylvester, wanda cikakkensa ya fito a 2018, ya bi ta wata hanya mai kyau. Yawancin hare-hare suna bin ƙofa, don haka filin kisa da ka shirya musu yana aiki. Amma jefi-jefi sai a turo masu fasa katanga, waɗanda ke kauce wa inda bindigogin tsaro ke kaiwa su huda ta wani gefen, kuma gem ɗin yana sanar da kai irin harin da ya zo tun suna bakin taswira. In ka ce za ka shige cikin dutse ka huta, can ma ƙwari ne ke ɓullowa daga ƙasa. Wannan na ƙwarin ni bai gamsar da ni sosai ba, domin sun fi kama da hukunci a kan wanda ya zaɓi zama a dutse, ba su zo daga wani wuri da za ka tare su ba. Tsofaffin gem biyu sun fi shi tsabta a nan. A Stronghold na 2001 mahaƙi yana fara raminsa ne a fili inda ake ganinsa, kuma ramin ruwa da aka zagaye ganuwa da shi yana tare shi. A Dungeon Keeper na 1997 kuma, mahaƙan abokan gaba suna cin ƙasa har su iso ka, sai dai bangon da ma'aikatanka suka ƙarfafa ba ya haƙuwa gare su, ƙarfafawar kuma tana cin lokacin da ma'aikatan za su yi amfani da shi wajen haƙo zinare.

Sharuɗɗan da na ambata a farko daga nan suka fito. Haƙar ta ci lokaci daidai da taurin abin da ake haƙa, yashi da sauri, dutse a hankali. Ɗan wasa ya samu alama, ko ƙura ce, ko ƙara, ko tarin ƙasa a bakin rami, kuma alamar ta zo da wuri yadda zai iya tura sojoji ko ya haƙa nasa ramin. Mahaƙan su zama masu rauni, in ka kashe su harin ya koma ƙofa. Miner na Clash of Clans ya karya sharaɗin farko ƙarara, tunda katanga ba ta rage masa gudu ko kaɗan. Abin da ya cece shi shi ne dole ya fito fili kafin ya yi duka, kuma can hari minti uku ne, garinka yana dawowa yadda yake bayan an gama. A gem ɗin da ɓarna ke dawwama, soja irinsa zalunci ne.

Ga masu neman abin furojet a sashenmu, wannan aiki ne da mutum biyu za su iya a samista ɗaya. Ku zana fili mai gurbi 50 sau 50 a Python, ku rubuta A*, ku sa farashin katanga da farashin tsoro su zama lambobin da ake canzawa, sannan ku ƙirga gurbi nawa algoridim ya duba a kowane saiti. Ku fara da farashin katanga 5, ku riƙa ninkawa, ku rubuta daidai inda maharan suka daina haƙa suka koma ƙofa.