Yadda Shugaba Zai Horar da Ma'aikatansa: Darasi Daga Google da Intel

A shekarar 2002, shekara huɗu bayan kafa Google, Larry Page da Sergey Brin suka soke muƙamin manajojin da ke kula da injiniyoyin kamfanin. A ganinsu injiniya mai basira ba ya buƙatar wani a kansa, manaja ba abin da yake ƙarawa sai taro da cike takardu. Gwajin bai wuce 'yan watanni ba. Ma'aikata suka riƙa sallama wa Page kai tsaye da ƙananan matsaloli, wannan ya samu saɓani da abokin aikinsa, wancan yana neman a biya shi kuɗin da ya kashe. Dole aka dawo da manajoji.

Duk da haka shakkun bai gushe ba. A wajajen 2008 kamfanin ya kafa wani bincike mai suna Project Oxygen, aka tattara bayanan tantance ma'aikata da ra'ayoyinsu game da shugabanninsu, don a gano abin da ya bambanta manaja nagari da wanda ba haka ba. Halaye takwas suka fito, daga baya a 2018 aka mai da su goma. Na farko a jerin shi ne iya horar da na ƙasa. Ƙwarewa a fannin fasaha, wadda kowa ya ɗauka ita ce kan gaba a kamfani irin Google, ita ta zo ta ƙarshe cikin takwas ɗin. Ba wai ba ta da amfani ba ne, a'a, ma'aikata dai sun fi damuwa da shugaban da zai zauna da su ya taimaka musu su warware matsala da kansu.

Wannan darasi ya shafi mai kamfanin manhaja a Kaduna, ya kuma shafi mai shagon gyaran waya a Farm Centre da ke Kano.

A ɗauka an kawo wayar da ba ta caji, yaron shago ya yi minti ashirin yana juya ta. Abin da yawancin iyayen gida ke yi shi ne su karɓe ta su gyara cikin minti biyar, wataƙila har da baƙar magana a gaban mai waya. Aiki ya kammala, amma yaron bai ƙaru da komai ba sai tsoro, kuma gobe za a sake kawo irin wayar. Maigidan da ya iya horarwa tambaya zai fara yi: "Me ka gwada zuwa yanzu?" In yaron ya ce ya canza caja da igiyarta, sai ya ce, "To, ka duba bakin cajin? Ka sa mita a batir? Me ta nuna maka?" A ƙarshe yaron ne da bakinsa zai ce matsalar tana kan fanel. An ɓata minti goma fiye da yadda aka saba, amma an sayi hannu na biyu a shagon.

Akwai tsari sananne na irin waɗannan tambayoyi, ana kiransa GROW, wanda Sir John Whitmore na Ingila ya yaɗa a littafinsa na 1992. Matakai huɗu ne: a fayyace abin da ake son cimmawa, a dubi halin da ake ciki a zahiri, a zayyano hanyoyin da za a iya bi, sannan ma'aikaci ya faɗi wadda zai bi da ranar da zai gama. Mataki na uku ne ya fi ba shugabanni wahala, domin sun riga sun san amsa, harshensu na ƙaiƙayi. Idan shugaba ya yi tambaya, ya yi shiru ya jira. Na huɗun kuma shi aka fi mantawa, sai a yi hira mai daɗi a tashi ba wanda ya ɗauki alkawarin komai.

Sai dai ba kowane lokaci ne na tambaya ba. Andy Grove, tsohon shugaban Intel, ya yi bayani a littafinsa High Output Management na 1983 cewa salon shugabanci ya dogara ne da gogewar ma'aikaci a kan takamaiman aikin da ke gabansa. Wanda bai taɓa cire sikirin ba, ba a tambayarsa ra'ayinsa kan yadda za a cire. Nuna masa ake yi dalla-dalla, a tsaya a kansa har ya yi sau biyu ko uku. Wanda ya shekara biyar yana yi kuwa, tsayawa a kansa raini ne. Kuma mutum ɗaya yana iya zama gwani a rubuta manhaja amma ɗan koyo a magana da abokan ciniki. Haka nan ranar da shafin kamfani ya faɗi, mutane suna ta kira, umarni ake bayarwa. Horon sai bayan ƙura ta lafa.

Grove ya ba da muhimmanci sosai ga ganawar mutum biyu, shugaba da ma'aikaci su kaɗai. A tsarinsa, zaman na ma'aikacin ne, shi zai tsara abubuwan da za a tattauna, kuma kada ya gaza awa guda, saboda matsalar gaske ba ta fitowa a mintunan farko. Sabon ma'aikaci a gana da shi duk mako, gogagge kuma bayan 'yan makonni. Ƙaramin kamfani zai iya rage tsawon lokacin, amma kada ya riƙa ɗage zaman. Takarda ɗaya a Google Docs da su biyun ke rubutu a ciki ta isa ta riƙe abin da aka amince a kai, a buɗe ta a zama na gaba.

A nan akwai wani abu da ya shafi tarbiyyar Bahaushe. An saba girmama na gaba, don haka idan oga ya ce "Ka gane?", amsar ita ce "Na gane, ranka ya daɗe," ko an gane ko ba a gane ba. Wannan tambaya ba ta da amfani. Gara a ce, "Nuna min yadda za ka yi," ko "Maimaita min matakan in ji." Kuma wanda aka taɓa kunyata shi saboda ya ce bai sani ba, ba zai sake faɗa ba, zai riƙa ɓoye kuskure har sai ya girma. Shi ya sa gyara a zauren WhatsApp na ma'aikata, inda mutum ashirin ke karantawa, ɓarnarsa ta fi gyaransa yawa. Yabo ne ya dace da zaure, gyara kuwa a keɓe.

Gyaran ma yana da ƙa'ida. "Ba ka da lura" hukunci ne a kan halin mutum, ba abin da zai iya yi da shi sai jin haushi. Amma "Jiya ka tura sabon lambar manhaja ba ka gwada ta ba, shafin biyan kuɗi ya tsaya awa biyu" ya ambaci rana da aiki da sakamako, ya kuma bar ƙofar tambaya: me ya jawo, me za a yi kada a sake? Sannan a yi shi da wuri. Kamfanin Adobe ya soke tantancewar shekara-shekara a 2012, bayan ya ƙiyasta cewa tana cin awa dubu 80 na lokacin manajojinsa duk shekara, ya maye gurbinta da tattaunawa a kai a kai da ya kira Check-in. Microsoft ma a 2013 ya daina jera ma'aikata daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, tsarin da aka daɗe ana zargi da sa abokan aiki gasa da juna maimakon taimakon juna.

Kafin a ce wane ya gaza, ya kamata shugaba ya bincika ko rashin iyawa ne, ko rashin himma, ko kuwa kayan aiki. Horo yana maganin na farko, yana taimakawa a na biyu, amma ba ya komai a na uku. Mai zanen da kwamfutarsa ke ɗaukar minti goma kafin ta buɗe Photoshop, ko wanda ke aiki daga gida ba wuta ba data, nasiha ba za ta ƙara masa sauri ba. Manhajojin leƙen allon ma'aikata da wasu kamfanoni ke sakawa su ma ba sa amsa wannan tambaya. Suna nuna awa nawa mutum ya zauna a gaban kwamfuta, ba sa nuna inda ya maƙale.

Google ya ƙara wani mataki bayan binciken nasa: ma'aikata su ma suna tantance manajojinsu ta hanyar tambayoyin da ake cikewa ba tare da bayyana suna ba, a ba manajan sakamakon don ya san inda zai gyara. Shagon mutum biyar ba zai iya ɓoye suna ba, kowa ya san salon maganar kowa. Abin da zai yiwu shi ne maigida ya rufe kowace ganawa da tambaya ɗaya: "Me nake yi da ke hana ka aiki?" A karon farko za a ce masa babu komai, haka ma a na biyu. Ranar da aka samu wanda ya yi ƙarfin hali ya faɗa, sauran yaran shagon za su zuba ido su ga abin da zai biyo baya.