Darasin Wannan Wata: Ina Ruwanmu da Ruwan Masana'anta?

Karatu: Ezekiyel 34:17-19

Gabatarwa

Duk inda muka zauna da kwamitocin raya ƙauyuka, daga Kurya Madaro har Moriki, roƙo guda ne yake fara fitowa: a kawo mana masana'anta, samarinmu su sami abin yi. Wannan roƙo daidai ne. Wani yana son injin casar shinkafa, wani wurin jima, wani kuma wurin wankin zinariya. Amma duk wanda ya zo neman fili, bakin gulbi yake nunawa, gama babu sana'ar da take tafiya ba ruwa. A wannan darasi za mu koyi tambaya ɗaya da ya kamata mu yi kafin a ba da fili: ruwan da aka gama aiki da shi, ina zai bi?

Gulabenmu

Gulbin Gagare yana bi ta Ƙaura Namoda ya nufi arewa wajen Shinkafi. Gulbin Bunsuru kuma yana ratsa ƙasar Zurmi. Ruwansu yana haɗuwa ya shiga gulbin Rima, wanda yake cika madatsar ruwa ta Goronyo kafin ya kai Sakkwato. Wato abin da aka zuba a nan, wani ne zai sha shi a can.

Da damina ruwa yana da yawa, yana kwashe dauda ya tafi da ita. Da rani kuwa gulbi yakan ja baya ya bar yashi, mata su tona su ɗebi na sha, masu lambu su kafa injin ban ruwa, makiyaya su shayar da dabbobi. A lokacin nan in ruwan masana'anta ya gangaro, ba abin da zai tsarma shi. Yashi zai tsotse shi, ya sauka cikin ruwan da muke tonowa. Ga shi kuma rashin tsaro na shekarun nan ya raba mutane da yawa da gonakinsu na daji, fadamar bakin gari ce ta rage musu.

Abin da ya faru a Kano

Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, gyaɗa da auduga da fatu suke fita daga ƙasarmu. Fatun awakinmu da yawa a kamfanonin jima na Kano suke ƙarewa, saboda haka labarin Kano ya shafe mu.

Kano tana da manyan unguwannin masana'antu uku: Bompai, Sharaɗa da Challawa. Ruwan Bompai yana bin rafin Getsi ya shiga Jakara, ya taru a madatsar Wasai. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, wanda yake haɗuwa da kogin Kano kusa da Tamburawa, ya wuce Wudil ya nufi Haɗeja.

Majema na gargajiya da toka da bagaruwa suke aiki. Kamfanin zamani kuwa yana amfani da gishiri mai yawa da sinadarai, musamman wanda ake kira kuromiyam, domin fata ta jimu da sauri. Shekara da shekaru ana sakin wannan ruwa ba tare da an tace shi yadda ya kamata ba. Masu bincike na jami'o'i sun sha auna ruwan da ƙasar bakin rafukan, sun kuma sami ƙarafa masu guba har cikin ganyen da ake nomawa da shi. Masana'antun sun ba dubban mutane aiki, wannan ba a musu. Amma masunci da mai lambu da matar da take wanki a gangare, ba su karɓi albashi ba, su ne kuwa suka ɗauki asarar. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ya faru a jiharmu

Kada mu ce sai babban kamfani ne yake kawo irin wannan. A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, kamar Dareta, Abare da 'Yargalma. Duwatsun da ake haƙowa domin zinariya suna ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo su cikin gida, a daka, a niƙa, a wanke a kududdufai. Ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara suke rarrafe, ta shiga abinci da ruwa. Yara fiye da 400 suka mutu, wasu dubbai suka kamu. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta yi jinyar yaran, aka kuma kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Garin Bagega sai a 2013 aka yi masa wannan aiki.

Mu lura da abu guda. Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da dalma ko kuromiyam. Ruwa yana iya zama garau a ido alhali akwai guba a ciki. Dalma kuwa ƙwaƙwalwar ƙananan yara take taɓawa, kuma lahaninta ba ya gyaruwa duka ko bayan magani. Rigakafi ya fi magani.

Me doka ta ce?

Bayan da aka jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko a 1988, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kare muhalli. A 1992 aka yi dokar da ta wajabta a binciki illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, a kuma ba jama'a damar faɗin ra'ayinsu. A 2007 aka kafa hukumar NESREA domin tilasta bin ƙa'idodin. Amma ma'aikacin hukuma ba ya kwana a ƙauyenmu. Ƙananan sana'o'i kuwa, mu ne muke ganinsu kullum.

Me Maganar Allah ta ce?

A karatunmu Ubangiji yana tuhumar tumaki masu ƙarfi. Laifinsu ba shan ruwa ba ne. Laifinsu shi ne bayan sun ƙoshi sai su dama ragowar, su bar wa raunana. Allah bai hana mu neman arziki ba, amma zai tambaye mu abin da muka bar wa na bayanmu. A bakin gulbi, maƙwabcinmu shi ne wanda yake gangare da mu, ko Kirista ne ko Musulmi, ko manomi ne ko makiyayi.

Abin da za mu iya yi

1. Kafin a ba da fili a bakin gulbi, kwamiti ya tambayi mai sana'a: wane sinadari za ka yi amfani da shi, ina kuma ruwanka zai zuba?
2. A gayyaci mutanen ƙauyen da ke gangare, da mata masu ɗiban ruwa, da makiyaya, a ji ta bakinsu.
3. A rubuta yarjejeniya a gaban hakimi ko dagaci, a sa hannu, kowa ya riƙe tasa takarda.
4. Ruwan aiki ya shiga ramin da aka shafe da siminti, nesa da gulbi, nesa da rijiya fiye da mita 30 da muke ba masai.
5. Kada a shigo da dutsen zinariya cikin gida, kada a niƙa shi a injin hatsi, kada yara su je wurin aikin. Mai aiki ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya ɗauki yaro.
6. Kada mu wanke injin feshi ko robar maganin ƙwari a gulbi. Mu fara gyara namu tukuna.
7. In ruwa ya sake launi ko wari, ko kifi ya fara mutuwa, a sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma nan da nan.

Tambayoyi don tattaunawa

Waɗanne ƙauyuka ne suke sama da mu a gulbi, waɗanne ne suke gangare? Me muke zubawa yanzu wanda ba za mu so a zuba mana ba? In mai kuɗi ya yi alkawarin ɗaukar samari ashirin aiki amma ya ƙi faɗin inda ruwansa zai bi, me za mu amsa masa?

Muna roƙon kowace ƙungiya ta zana taswirar gulbinta a ƙasa, ta sa alama a wuraren ɗiban ruwa da wuraren zubar da dauda, ta kwafe a takarda, ta kawo mana a taro mai zuwa.

Addu'a

Ya Ubangiji, mun gode maka domin ruwan da ka ba mu. Ka ba samarinmu aikin yi, ka ba shugabanninmu hikima, ka kuma tsare mu daga cutar da maƙwabtanmu. Amin.