Yadda Ake Gano Abin Da Ke Damun Koren Wake A Tsakar Gida

Koren waken da kike saya a Kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti a nan Bauchi don soyayyiyar shinkafa, galibinsa daga Jos ake kawo shi, kuma akwai dalili. Jos tana bisa tudu mai tsayin wajen mita 1,200, Bauchi kuwa kusan rabin haka, shi ya sa muka fi su zafi. Wannan wake ba irin namu na gida ba ne mai jure rana. Asalinsa daga nahiyar Amurka yake, ya kuma fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 27. Don haka, uwargida, idan naki ya ƙi, kada ki yi saurin aika yaro shagon maganin feshi. Ki bi waɗannan matakai a jere, domin yawancin matsalarsa a garin nan ta lokaci ce da ta ruwa.

Mataki na 1: Yaushe kika shuka?

Waken da ya yi kore shar, ya yi fure, sai ki wayi gari furen duk ya zube a ƙasa ba ko ɗa ɗaya, zafi ne ya kar shi. Da zarar rana ta haura digiri 32 sai furen ya ƙi ɗaukar 'ya'ya, kuma a Bauchi watan Maris da Afrilu har 38 ake wucewa. Yana fara fure ne bayan kamar kwana 35 zuwa 45, to ki yi lissafi: shukar Fabrairu za ta yi fure a tsakiyar bazara. Babu takin da zai gyara wannan. Ki shuka daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Disamba, hunturu ya yi miki aikin. Ana iya yi da damina ma, sai dai ruwan Agusta yana jawo cutar ganye. Idan kin riga kin makara, ki matsar da buhunan da kika shuka shi a ciki inda za su sami hantsi su kuma tsere wa ranar azahar, ki rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa. Za ki tsira da wani abu, ba da yawa ba.

Mataki na 2: Idan bai tsiro ba

Ki jira kwana 10, domin sanyin Disamba yana jinkirta shi. Bayan haka ki tona rami ɗaya da yatsa. Ƙwayar da ta yi laushi tana ɗoyi, ruwa ne ya yi mata yawa, ko kuma kin jiƙa irin ya kwana. Wannan iri ba ya son jiƙo. Wadda ta tsiro ta lanƙwashe a ciki, an binne ta da zurfi, gaɓar yatsa ɗaya da rabi ta isa. Idan kuma ya tsiro kika tarar da kara ba kai, ki zargi ƙadangare ko kajin maƙwabta. Tsohon gidan sauro ya wadatar, ki lulluɓe har ganye ya yi huɗu.

Mataki na 3: Ki karanta ganyen

Nan ne mutane suka fi kuskure, domin duk ganyen da ya yi rawaya sai a ce taki yake so. Ki fara cusa yatsa cikin ƙasar. Idan tana caɓi, kuma ganyen ƙasa ne ke yin rawaya, saiwa ce ke shaƙewa: ki ƙara huda gindin buhun, ki ɗora shi kan duwatsu, ki daina ban ruwa sai saman ya bushe. Idan gefen ganyen ne ya ƙone kamar an yi masa guga, gishiri ne. Ruwan wanki da na wanke-wanke da ake watsa wa shuka don tattali, kuɓewa tana iya haƙuri da shi, koren wake ba ya iyawa. Sababbin ganye masu rawaya da jijiyoyi kore kuwa, sau da yawa toka ce ta yi yawa, ko buhun siminti ne da ba a wanke sosai ba.

Akwai kuma wanda ganyensa ya yi faɗi, ya yi duhu, abin sha'awa, amma ba fure. An cika masa yuriya ko kashin kaji. Wake ba ya son taki mai yawa. Ruɓaɓɓen kashin awaki da aka cuɗa da ƙasa tun farko ya ishe shi.

Wanda ganyensa ya yamutse ya yi dabbare-dabbare, ya kuma tsumbure, ba ya warkewa. Ki tuge shi ki ƙone kafin darɓa ta kai cutar ga sauran. In kin tuge, ki duba saiwar. Ƙananan ƙulli da ke manne a gefe, masu fita idan kin murza, alheri ne, su ke samar masa da taki. Amma idan saiwar ce da kanta ta kumbura gaɓa-gaɓa, tsutsa ce da ido ba ya gani, kuma tana yawan zama a ƙasar da aka yi tumatir ko kuɓewa. Ki sake ƙasa.

Mataki na 4: Ki juya bayan ganyen

Ƙwari a can suke ɓuya. Darɓa baƙa ce ko koriya, tana taruwa a kan toho, kuma za ki ga tururuwa na hawa da sauka. Farin ƙuda yana tashi idan kin girgiza shukar. Da ƙurar hunturu kuma sai wani mitsitsin jan gizo-gizo ya bayyana, ganye ya yi ɗigo-ɗigo da siririyar yana. Shi wanke bayan ganyen da ruwa kowace safiya yana rage shi ƙwarai.

Maganin da na fi yarda da shi yana nan a gindin dogon yaro. Ki daka busassun 'ya'yansa cikin tafin hannu ɗaya ga kowace lita ta ruwa, ki jiƙa ya kwana, ki tace da tsumma, ki narka ɗan guntun sabulu a ciki, ki fesa da yamma, musamman bayan ganyen. Ki maimaita duk mako. Ba ya kashewa nan take, sai kin yi haƙuri. Kada ki kusanci fiya-fiya ko Sniper, abin da yara za su ci nan da kwana uku ne. Kwanson da kika ga da huji da kashin tsutsa a bakinsa, ki tsinke ki jefa a murhu. Idan abin ya gagara, ki tsinki ganyen a leda ki kai wa malaman gona na BSADP su gani da idonsu.

Mataki na 5: Idan 'ya'yan sun yi tauri ko sun lanƙwashe

Lanƙwasa alamar ban ruwa ce ta yau a yi, gobe a manta. Daga fure zuwa tsinka kada ƙasar ta bushe ƙayau. Ki zuba ruwan a gindi da safe, ba a kan ganye ba, sai dai in wankin jan gizo-gizo ne. Tauri da zare kuwa jinkiri ne. Daga kwana 50 zuwa 60 ki fara tsinka, tun ƙwayar ba ta kumbura ba, lokacin da kwanson ke karyewa ƙas. Ki riƙe reshen da hannu ɗaya ki tsinka da ɗayan, bayan raɓa ta bushe, duk kwana biyu ko uku. Idan kika bar ko kaɗan suka ƙosa a jiki, shukar za ta rage fure. Gajeren iri mako biyu zuwa uku yake bayarwa ya gaji, don haka ki riƙa shuka sabon buhu duk mako biyu har tsakiyar Disamba.