Hayaƙin Tsohon Babur Da Abin Da Ya Ke Nunawa

Babur ba shi da baki, amma in ciwo ya kama shi ba ya ɓoyewa. Ya kan nuna ta wajen hayaƙin da ke fita daga salansa, da kuma ta wajen kukansa sa'ad da ya ke tsaye inji na aiki. Mutumin da ya iya duban waɗannan abubuwa biyu, da wuya a cuce shi. Wanda bai iya ba kuwa, ya kan kai baburinsa gun makaniki, a kwance inji ɗungum, a sa shi sayen fistin da ringi, alhali kuwa abin da ya ɓaci bai wuce soson tace iska ba. Kuɗin da za su ci da iyali kwana da kwanaki sai su tafi a banza. Saboda haka, ya kai mai babur, kafin ka sa hannu aljihu ka fara dubawa da idonka.

Amma da fari ka ji wannan. Kada ka ta da babur a cikin ɗaki ko zaure a rufe. Cikin hayaƙin nan akwai wata iska mai dafi, ba ta da launi, ba ta da wari, tana kuwa kashe mutum tun bai farga ba. Fitar da shi fili tukuna.

Injin babur iri biyu ne, wajib ne ka san irin naka. Akwai wanda ke shan mai tare da fetur, kamar Suzuki AX100 da tsohuwar Vespa. Man nan shi a ke kira 2T, an kuwa yi injin ne don ya ƙone shi. Ɗan hayaƙi shuɗi a wurin irin wannan babur ba ciwo ba ne, halinsa ke nan. Sai in ya yi yawa har ya turnuƙe hanya, sa'an nan ka duba ko ka zuba 2T fiye da kima, ko famfon da ke tura shi ya kauce daga saitinsa. Iri na biyu shi ne mai bawul, kamar Bajaj Boxer da Honda CG125, wadda aka fara ƙerawa a 1975. Shi baƙin mansa yana zaune a ƙasan inji, ba ya gamuwa da wuta. In ka ga irin wannan yana hayaƙi, akwai dalili. Yawancin maganarmu a kansa ne.

To, ta da babur da safe, ka tsaya a gefen salansa ka duba. In ka ga farin tururi mara kauri, wanda ke ɓacewa nan da nan, musamman da sanyin hunturu ko da damina, kada ka damu. Raɓa ce da ta kwana cikin salansa, da inji ya yi zafi za ta ƙare. Waɗansu su kan ce farin hayaƙi alamar ruwa ya shiga inji ne. Wannan maganar mota ce, da babura masu lagireto. Baburan da mu ka ambata iska ke sanyaya su, ba ruwa a jikinsu. In farin hayaƙi ya ƙi tsayawa bayan inji ya yi zafi, matso ka shinshina. Galibi za ka ji ƙaurin mai, watau shuɗin hayaƙi ne hasken rana ya sa ka gan shi fari.

Baƙin hayaƙi shi ne mai sauƙin magani. Ma'anarsa fetur ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Za ka ji warin ɗanyen fetur, babur ya yi nauyi wajen tashi, tanki kuma ya riƙa ƙarewa da wuri. Fara da cok, ko ka manta shi a rufe. Sa'an nan buɗe gidan soson tace iska. A ƙasarmu ta ƙura, balle lokacin hunturu, soson nan ya kan toshe cikin 'yan makonni. In na soso ne, wanke shi da kananzir, ka matse, ya bushe, ka ɗiga masa baƙin mai kaɗan, ka sake matsewa. In na takarda ne ba a wanke shi, sai a sake sabo. Akwai masu cire soson su yar wai don babur ya ƙara gudu. Wannan wauta ce ƙwarai, gama ƙurar da za ta shiga ita ce za ta cinye ringi kamar yadda dutsen wāshi ke cin wuƙa. In soso lafiya ya ke, duba ƙarƙashin kafireta. Fetur na ɗiga? To, allurar da ke tsai da fetur in kwanon kafireta ya cika ta gaji, ko datti ya tokare ta.

Shuɗin hayaƙi shi ne mai tsada, don haka nan za ka yi haƙuri ka lura da kyau. Ma'anarsa baƙin mai yana shiga wurin wuta yana ƙonewa. Tsai da babur daidai a kan doguwar jaki, ka auna mai. Ƙaramin inji irin na CG125 abin da ya ke ci bai wuce kamar lita guda ba, in an cika masa ya wuce layi, zai yi hayaƙi ko da sabo ne. Haka kuma in babur ya faɗi, mai ya kan gangara inda bai kamata ba, ya yi hayaƙi na ɗan lokaci ya daina.

In ba ɗaya cikin waɗannan, sai ka lura da lokacin da hayaƙin ke zuwa, gama lokacin shi ke faɗa maka inda ɓarnar ta ke. In da safe ne kaɗai, da an ta da shi ya yi hayaƙi minti ɗaya ko biyu ya daina, ko kuwa sa'ad da ka saki totur a gangara, to, mai yana tsiyaya ne daga sama, ta robar da ke wuyan bawul. Wannan gyara ne na kan inji, ba ya bukatar a taɓa fistin. Amma in hayaƙi yana ƙaruwa ne duk sa'ad da ka murɗa totur, ko ka ɗauki kaya kana hawan tudu, kuma ƙarfi ya ragu, kuma kik ya yi laushi a ƙafarka, ringi ne su ka ci, watakila har da silinda. Makaniki na kirki yana da ma'aunin matsi da a ke sawa a ramin fulogi. Ya auna sau ɗaya, sa'an nan ya zuba baƙin mai kamar ƙaramin cokali cikin ramin, ya sake aunawa. In matsi ya hau, ringi ne. In bai hau ba, bawul ne ba ya rufewa sosai. Kada ka yarda a kwance inji ba a yi wannan awo ba.

Yanzu mu koma ga kuka. Lafiyayyen inji in yana tsaye, watau yana sulo, bugunsa daidai ya ke, kamar luguden mata biyu da su ka saba. Ƙaramin babur ya kan juya wajen sau 1,400 a minti. Mara lafiya sai ya riƙa tari, yana hawa yana sauka, ya mutu in ka tsaya a mararraba. Yawancin mutane su kan ƙara murɗa sukurun sulo har inji ya riƙa ihu. Wannan rufe ciwo ne da riga.

Bari inji ya huce, ka cire fulogi ka dubi bakinsa, gama shi ne shaidan da ya ga abin da ke faruwa a ciki. In launinsa kamar ƙasa-ƙasa ne, lafiya. In baƙi ne busasshe kamar kunkunniya, fetur ya yi yawa, koma ga maganar baƙin hayaƙi. In baƙi ne jiƙe da mai, maganar shuɗin hayaƙi ce. In kuwa fari ne fat, fetur ya yi kaɗan, inji yana zafi fiye da kima, wannan kuwa ya fi baƙin hatsari, don yana iya huda fistin. Tazarar bakin fulogi a yawancin ƙananan babura milimita 0.6 zuwa 0.7 ce.

Ga wata dabara da ba ta cin ko kwabo. Inji ya yi zafi yana tari, sai ka ɗan ja cok kaɗan. In kukan ya gyaru, fetur ne ba ya isa. Dalili biyu ne galibi. Ko dai ƙaramin jet na sulo ya toshe, gama raminsa bai fi tsinin allura ba, ko kuwa robar da ke haɗa kafireta da inji ta tsage, iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya. Alamar tsagewar ita ce in ka saki totur inji ba ya sauka nan da nan, sai ya daɗe yana ihu. Shi jet a wanke shi a hura masa iska, kada a soka masa waya, don in ramin ya faɗaɗa ya lalace ke nan. Ka kuma kwance sukurun da ke gindin kafireta ka tari fetur a kwalba mai haske. Mai sayen fetur na kwalba a bakin hanya ya kan tarar da ruwa ya kwanta a ƙasa, ko tsaki.

In duk wannan bai yi ba, saura bawul. Tsakanin bawul da hannun da ke danna shi akwai 'yar tazara, a CG125 milimita 0.08 ce, a kan auna ta inji na sanyi. In ta matse, babur ya kan ƙi tashi, ya riƙa mutuwa da ya yi zafi. Sai an gyara wannan tazara, da fulogi, da soso, sa'an nan a ke taɓa ƙaramin sukurun da ke daidaita fetur da iska. A murɗa shi ciki a hankali har ya tsaya, ban da ƙarfi, a komo da shi baya kamar juyi ɗaya da rabi, sa'an nan a riƙa motsa shi kaɗan kaɗan inji na zafi, har a sami wurin da kukan ya fi daidaita. Daga nan sai a sauko da sulo.