Wasiƙa daga Akokan zuwa ga ɗan ƙanwata, sabon dokta

Ɗana,

Uwarka ta gaya mini ka kammala digirin digirgir a ilimin ƙwayoyin halitta, yanzu kana ta aika takardu Faransa da Kanada, kana neman aikin nan na shekara biyu ko uku da ake ba sabon dokta a ɗakin binciken wani babban malami. Allah ya sa albarka. Ban hana ka tafiya ba. Ai Abdou Moumouni da jami'arku ta Yamai ke ɗauke da sunansa a Faransa ya yi karatu, amma gida ya dawo ya yi ta aiki a kan hasken rana, abin da Allah ya hore mana.

Abin da ke hana ni barci shi ne, in wannan kwantiragin ya ƙare sai a nemi wani a wani gari, har furfura ta fito mutum yana yi wa wani bincike, a kan cutar da ba ta taɓa kwantar da ɗan Arlit ba.

Ka manta inda aka yanke maka cibiya? Kamfanin COMINAK ya fara fitar da uranium a nan Akokan, kusa da Arlit, a 1978, ya rufe ran 31 ga Maris 2021, tarin dusar ƙarfe wajen tan miliyan 20 na jibge a bayan gari. Da ƴan ƙungiyar Aghirin'man suka matsa a auna, sai da aka jira ƙungiyoyin waje, CRIIRAD a 2003 da Greenpeace a 2009. Ruwanmu da yashinmu aka ɗiba aka kai Valence, can Faransa, kafin mu ji abin da ke ciki. Har a kasuwa an samu tsofaffin ƙarafa masu guba, irin waɗanda mutane ke saye su kai gida. 

Da ana ce wa Arlit ƙaramar Paris. Wuta ba ta ɗaukewa, albashi na zuwa kan kari, mu kuwa ba mu taɓa tambayar ƙurar da muke shaƙa ba. Abokan shan shayina, wasu tari ya ɗauke su, kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Haka ne, amma Annabi ya umarce mu da neman magani. Kai da ka san huhu da jini, kiran waya ma sai an yi maka tuni.

In za ka tafi, zaɓi ɗakin da ke nazarin iskar radon da sankarar huhu, ko illar uranium ga ƙoda. Ka fara leƙa cibiyar bincike ta CERMES a Yamai, suna cikin jerin cibiyoyin Pasteur, ko za su haɗa ka da masu irin wannan aiki. Kafin ka sa hannu, ka tambayi malamin ko zai yarda ka kawo awonka daga Arlit.

Ka gaida abokan karatunka.

Kawunka,
Akokan