Darasi Ga Ɗalibai: Riƙe Lambar Sirri

A kasuwar shanu ta Potiskum, babu mai hankalin da zai miƙa wa baƙo igiyar sansa tun ba a gama ciniki ba. To, lambar sirrin da ke shigowa wayarka ita ce igiyar, ita kuwa ɓarayin zamani ke nema a hannun ɗalibai.

Ga yadda sukan yi. Wani ya bugo wa ɗalibi waya, ya ce shi ma'aikacin makaranta ne, zai sa shi cikin zauren WhatsApp na ajinsu, amma sai ya karanto masa lambobi 6 da aka aiko. Da jin lambobin, sai ya ƙwace asusun, ya shiga roƙon iyaye da abokai kuɗi da sunan mai shi.

Saboda haka ana jan hankalin ɗaliban Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Potiskum, da na sauran makarantun ƙasar nan, su kiyaye abubuwa 3:

1. Kada a faɗa wa kowa lambar sirri, ko da ya ce daga banki yake.
2. In aboki ya nemi kuɗi ta saƙo, a kira shi a ji muryarsa tukuna.
3. Kada a ara wa kowa asusun banki. Kuɗin zamba in ya sauka ciki, mai asusun za a fara tuhuma.

Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, ta tanadi hukunci ga mazambata. Amma fa rigakafi ya fi magani.